Mai Tsallake Ƙofar Tashar Hiriduwa

Tashar jirgin ƙasa ta Hiriduwa ƙofa uku gare ta, kuma duk ɗan garin nan ya san tasa tun yana rarrafe. Akwai ƙarama ta wajen teku, wadda sai ka sunkuya kake shiga, ta masu kwandon kifi da leburori. Akwai ta gefe, ta talaka mai tikitin aji na uku. Sannan ga babbar, mai kallon titi, a ƙarƙashin wani baka da ya fi tsayin mutum biyu, wadda har gobe muke kira Ƙofar Turawa. Turawan sun tattara nasu ya nasu sun tafi tun Sediris kafinta yana saurayi, amma ba wanda ya gaya wa ƙofar. Alƙalai da likitoci da masu gonakin kwakwa suka gaje ta. Mu kuwa muka ci gaba da zagayawa ta gefe, ba wanda ya hana mu da baki, ba kuma wanda ya taɓa gwadawa.

A shekarar da tashar za ta cika ɗari, gara ta gama da katakon ƙofar nan. Ginin kansa ko gezau. Da dutsen murjani aka yi shi, wanda kakanninmu suka fasa a cikin teku suka ɗauko a ka, kaurin bangon ya kai kamu biyu, shi ya sa ko rana ta take za ka ji zauren da sanyi kamar randa. Ginshiƙan ƙarfen baranda ma suna nan, iskar gishiri tana ci, ana bin su da fenti duk shekara. Katakon ne ya ba da kai. Wata safiya shugaban tasha, Alahakon, ya jingina da shi yana yi wa wani baƙo bayanin bikin da za a yi, sai kafaɗarsa ta burma ciki, garin itace ya zubo masa a wuyan riga. Masu kifi suka yi dariya har da riƙe ciki. Kafin rana ta yi tsaka ya aika a kira Sediris.

"Bas," in ji Alahakon, don haka muke kiran kafinta, "wata uku ya rage mana. Sabuwar ƙofa nake so, irin tsohuwar sak, har da furannin nan na sama."

Sediris ya ɗaga kai ya auna da ido, ya kira shi da sunan girman da muke kiran manya. "Mahattaya, itacen da zai ba da wannan faɗin babu shi a kasuwa. Su Turawa daga ƙetaren teku suka kawo nasu."

"Akwai shi a garin nan, kai ma ka sani. Na riga na gama magana, jibi za a kayar da shi."

Sediris ya gane wanda yake nufi. Bishiya ɗaya ce tak mai wannan girman a Hiriduwa, tsohuwar kos ɗin nan ta gefen filin da muke ƙona gawa. 'Ya'yanta kan nuna su faɗo su ruɓe a ƙasa, ko akuya ba a bari ta ci.

To, kowane itace da abin da ke zaune a cikinsa. In aka sare shi aka yi ƙofa, abin ba ya tafiya. Yana nan maƙale yana jiran mutum na farko da zai tsallake dokin ƙofar, ya hau shi, ya bi shi har gida. Wannan ɗawainiya ta kafinta ce. Shi ake lulluɓa wa farin ƙyalle a ka, ya tsallake, ya miƙe ba waiwaye sai ya ƙetare ruwa mai gudu, ya yi wanka ya dawo. Sediris ya tsallake ƙofofi sun fi sittin, ko mura bai taɓa yi ba. Amma duk itatuwan gona ne, masu sauƙin kai. Sau ɗaya aka taɓa kawo wa gidansu itacen bakin maƙabarta. Ubansa ne ya tsallake, kafin watan ya ƙare ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara bakwai Sediris ya yi yana juya shi a kan tabarma yana share masa yawu.

Da kansa ne kawai, da da sauƙi. A gidansa akwai Malkanti, 'yarsa tilo, ta dawo gida da ciki wata biyar. Uku ta haifa kafin wannan, ukun duka aka binne su ba a kai ga sa musu suna ba, mijinta kuma ya fara irin maganar da maza kan fara.

Ranar da aka kai gungumen wajen masu yanka, zarto ya yi tsalle ya cire wa ɗayansu yatsu biyu. Labarin ya riga Sediris isa gida. Ya tarar da matarsa Emalin tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Ka dai ji ko?"

"Na ji. Aikin zarto ne, yakan faru."

"Yakan faru! To buɗe kunnenka, uban Malkanti. Ranar da ka tsallake ƙofar nan, ka tsallake gidan nan ke nan. Ka je can ka kwana da abin da ka ɗauko. Ni dai ba zan tsaya a kan rami na huɗu ba."

Ya je wajen mai duban taurari ko zai ji sauƙi, sai ma abin ya ƙaru. Mutumin ya daɗe yana zane a takarda yana girgiza kai. Ya ce abin da ke cikin itacen nan tsoho ne, kuma mayunwaci, wankan kogi ba zai sauke shi ba. Duk wanda ya ɗauka sai ya ƙetare kogi ya zauna can, kada ya sake tako wannan gefen har shekara uku, kada kuma mai ciki ko jariri ya haɗa ido da shi. Ya ce ba dole sai kafinta ba, ko baƙo aka samu ya wadatar, muddin da ƙafarsa ya tsallake ba tura shi aka yi ba. Ya ba da sa'a: Alhamis, ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safe, mako guda kafin biki.

Baƙo a ina? Sediris ya hau jirgi ya tafi kasuwar garin gaba, ya tari 'yan gararamba har uku, irin waɗanda kan yi wannan aikin don abincin rana da sabon zane. Kowanne tambayarsa ɗaya: "Wane itace ne?" Da ya ji, sai ya tofar da ganyen da yake taunawa ya juya baya. Na ukun ma har zagi ya raka shi da shi.

Kada wani ya gaya maka Alahakon ne ya kawo sunan Santiyagu. Daga baya mun so mu ɗora masa, don shi ba ɗan gari ba ne, kuma an yi masa canjin wurin aiki ya tafi. Ƙarya ce. Sediris ne ya kawo sunan, yana zaune kusa da mutumin, yana shan shayin da mutumin ya dafa masa.

Santiyagu ɗan ƙabilar Tamilawa ne daga arewa, Kirista, ya zo garin nan yana ɗan shekara ashirin da biyar yana kunna fitilun sigina. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Lantarki ya zo ya karɓe aikin, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, aka kau da kai aka bar shi yana kwana a ɗakin fitilu, wani ɗan lungu a ƙarshen dandamali mai warin kananzir. Kullum ƙarfe huɗu na yamma shi da Sediris suke zama a bencin ƙarƙashin agogo. Santiyagu ya dafa shayi a ɗan rishonsa, Sediris ya kawo ganyen taunawa, shekara talatin suna haka. Mutumin kuwa ba shi da wata hira sai ta tasha. Ya san ginshiƙai nawa ne, ya san wanda tsatsa ta fi ci, ya san layin rufin da aka canza bayan babbar guguwa. Mutane kan tsokano shi da gangan, in ya ɗauko bayani su sulale su bar shi yana yi wa iska.

"Bas, ka rame," in ji shi ranar nan. "Katakon ne ko Emalin?"

"Katakon ne, Aiya," in ji Sediris. Haka yake kiransa, wato yaya.

"Yi shi da kyau, ka ji? Ƙofar nan ba a banza aka sa ta a wurin nan ba. Ka san dabarar da mai ginin ya yi? Bakan ƙofa, da bakan zaure, da bakan baranda, a jere suke, ɗaya cikin ɗaya. In mutum ya hauro matakalar nan uku daga titi, kowane taku sai teku ya ƙara tasowa, har ya cika bakan na ƙarshe daidai lokacin da ƙafarsa ke kan dokin ƙofa. Na sha tsayawa daga ciki in gwada, ba ya fitowa. Sai ka hauro daga titi."

"Wai kai ba ka taɓa shiga ta can ba?"

"Ni? Da wannan warin kananzir ɗin?" Ya yi dariya har da tari. "A tsohon zanen ginin da ke ofis na gani."

Nan take abin ya faɗo wa Sediris a rai, bai kuma kore shi ba. Kirista ne, ba a gayyatarsa kafa ƙofar gida, mai yiwuwa bai san yadda ake yi ba. Tsoho ne. Ba shi da kowa a gida da abin zai bi ya cinye. Sediris ya shanye shayinsa har ƙasan kofi, ya ce sukarin ya yi daidai.

Da safe ya kai wa Alahakon maganar. Idon mutumin ya yi haske, don dama ya daɗe yana son ɗakin fitilun nan, a jera tsofaffin fitilu da ƙararrawa manyan baƙi su kalla, ya rasa ta inda zai ɓullo wa tsohon. "Kai, Bas, ashe kanka yana ja haka! Jeka ka gaya masa. Kai ne abokinsa, daga bakinka zai fi yarda."

Ƙarfe huɗu suka zauna a benci.

"Aiya, na zo maka da labari. An zauna an duba, an ce wanda ya fi kowa daɗewa a tashar nan shi zai fara shiga sabuwar ƙofa. Kai ne."

Santiyagu ya ajiye kofinsa a hankali. "Haba, Bas. Bar wasa da tsoho."

"Mahattaya da kansa ya amince. Ranar ma an sa."

"Ta titi? In hauro matakala?"

"Ta titi, kowa yana kallo."

Tsohon ya zuba wa Sediris ido. Can sai hawaye, ya bar su suna bin kumatunsa bai share ba. Ya kama wuyan hannun Sediris ya riƙe gam. "Kai ka sa baki. Na sani, ba wanda zai tuna da ni sai kai."

"Ni ne," in ji Sediris. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Wata biyun da suka biyo baya, Sediris yana sassaƙa, Santiyagu yana shiri. Ya ciro tsohuwar baƙar kwat ɗinsa ta aiki daga ƙasan akwati ya shanya. Ya goge maɓallanta na tagulla da tsamiya da toka har suna ɗaukar ido. Ya kuma zauna rubuta jawabi, wanda ba wanda ya ce ya rubuta. Ya bi tsofaffin garin gida gida, ya tono sunayen mutum goma sha tara da teku ya cinye lokacin fasa dutsen ginin, ya jera su a takarda da sunayen ƙauyukansu. Kullum da yamma sai ya karanta wa Sediris abin da ya ƙara.

"Bas, wannan wurin bai yi tsawo ba? Kada in gajiyar da manya."

"Ya yi daidai, Aiya."

"Akwai kakan Emalin a ciki, ka gaya mata. Na goma sha ɗaya."

Garin nan namu, da ko kazarka ta yi ƙwai sai kowa ya ji kafin ya huce, ya riƙe wannan sirrin wata biyu cur. Kowa ya sani. Mai shayi ya sani, mai aski ya sani, direbobin jirgi ma sun sani. Masu kifi in sun hango shi sai su sauke kwando su durƙusa. "Mahattaya ya fito! A ba babban baƙo hanya!" Shi kuma bawan Ubangiji sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, yana cewa, "Kai, ku bari mana, 'yan'uwa." Yana wucewa su faɗi a kan juna da dariya. Cikinmu ba wanda ya ja shi gefe. Kowa lissafinsa ɗaya ne, in ba shi ba, to wa?

Sediris kuwa ya samo abin da yake shafa wa zuciyarsa. A shekarar nan ta ƙone-ƙone, da ake bin Tamilawa gida gida da galan ɗin fetur, shi ya ɓoye Santiyagu kwana biyar a bayan tarin katako, yana kai masa shinkafa a gwangwanin ƙusa. To wanda ya ba ka rai, in ya karɓi shekara uku daga ciki, ya yi zalunci? Haka yake gaya wa kansa yana fitar da furen magarya a jikin katako, kuma furannin sun fito da kyau, sun fi na Turawan. Amma abinci ya daina shiga. Yana jin kunya, yana jin tsoro, tsoron kuma ya fi yawa.

Ranar Alhamis gari ya waye fes. Tun ƙarfe bakwai Santiyagu ya tafi wajen mai aski. Yana ba da baya Alahakon ya sa leburori biyu suka kwashe akwatinsa da risho da tabarma da hoton matarsa, suka ɗora a kan amalanken masu gyaran layi, suka kai ƙetaren gadar kogi suka jibge a gindin kwakwa. Aka danna wa ɗakin fitilu sabon kwaɗo.

An tsayar da ƙofar a mazauninta, ja-ja-wur, tana ƙamshin mai. An ɗaura mata ganyen mangwaro da zare, an kunna fitilar mai a gefe, ga tukwanen ruwan kurkum, ga farantan shinkafar madarar kwakwa an yayyanka an rufe da ganyen ayaba. Titi ya cika. Mata masu ciki da masu jarirai ne kawai ba su fito ba. Emalin ta kulle Malkanti a ɗakin baya, ta zauna a bakin ƙofar.

Tara saura kwata sai ga Santiyagu. Kwat ta sha guga, farin zane, takalmin aro da ya yi masa yawa, takardunsa huɗu a naɗe a hannu. Jama'a suka dare masa hanya, darewar da ta fi ƙarfin girmamawa, kowa yana janye bakin zanensa. Shi dai sai gaisuwa yake yi dama da hagu. Ya tsaya a gindin matakala ya duba.

"Bas, ina manyan baƙin? Ban ga kujeru ba."

"Su sai mako mai zuwa, Aiya. Yau ta gida ce."

"To jawabin fa? Kafin in shiga ko bayan na shiga?"

Wata daga cikin masu kifi ta ɗaga murya. "Ka karanta wa kaguwa in ka isa can!" Aka kwashe da dariya. Alahakon ya harare ta, ya dubi agogonsa, ya yi wa Sediris alama da ka.

Sediris ya warware farin ƙyallen daga kafaɗarsa.

Santiyagu ya dubi ƙyallen. Ya dubi tukwanen kurkum, da matan da ke riƙe da tsintsiya a shirye, da fuskokin da ke ƙunshe dariya. Ya leƙa ta gefen ginin ya hango sabon kwaɗo yana walƙiya a ƙofar ɗakinsa. Sediris yana tsaye yana kallon murmushin yana barin fuskar a hankali, ya ji da ma ƙasa ta buɗe.

"Shekara arba'in da ɗaya ina garin nan, Bas," in ji tsohon, murya ƙasa ƙasa, su biyu kawai suke ji. "Kana tsammani ban san aikin farin ƙyalle ba? Wane itace ne?"

"Kos ɗin filin gawa."

"Af." Ya jinjina kai. "Sai yaushe zan dawo?"

"Shekara uku, in ji mai duba."

"Ina da shekara sittin da shida."

Sediris ya dubi agogo. In tsohon ya juya ya tafi, ba mai ikon tura shi, sa'a kuma ba ta jira. Ko Sediris ya sa ƙyallen a kansa, ko ƙofar ta zauna ba mai shiga, ranar biki Alahakon ya ci mutuncinsa a gaban duniya. Saura minti huɗu. Ya ji bakinsa yana buɗewa, ya ji abin da ya fito, ya tsani kansa tun kafin ya rufe baki.

"Ka tuna bayan katakon nan, Aiya. Kwana biyar."

Santiyagu ya dube shi ido cikin ido, ya daɗe. "Ban manta ba. Ashe kai ma ba ka manta ba." Ya sauke numfashi. "Watan Malkanti nawa yanzu?"

"Takwas."

"Da ka zo ka ce mini, Aiya, ɗauke mini wannan, da na ɗauka. Ni ban yarda akwai komai a cikin katako ba sai gara. Da ka bar ni da zanen da nake kwana da shi, ba sai na je na ari takalmi ba." Ya sunkuyar da kai. "Sa mini."

Sediris ya lulluɓa masa, ƙyallen ya sauko har ƙirji. Mai duba ya ɗaga hannu, aka buga ganga, tsohon ya fara hawa. Taku ɗaya, takalmin aro yana faɗuwa daga dugadugansa. Taku biyu. Sediris yana bayansa, kuma shi ne, da bai taɓa kula ba, ya ga teku yana tasowa cikin bakan nan uku, shuɗi shar, har ya cika na ƙarshe. Santiyagu ba abin da yake gani sai bakin takalminsa. Ya lalubi dokin ƙofar da ƙafa, ya tsallake.

Ihu ya tashi kamar an ci ƙwallo. Mata suka bi sawunsa da ruwan kurkum suna watsawa, masu tsintsiya suna share inda ya taka. "Kada ka waiwaya!" "Miƙe, tsoho, miƙe!" "Gada tana hannun hagunka, kada ka faɗa teku ka dawo mana da shi!" Ya ratsa zauren, ya fita baranda, ya bi dandamali yana laluben ginshiƙan da ya san adadinsu, ya wuce bencin ƙarƙashin agogo, ya wuce ɗakin fitilu, ya sauka kan layi. A wajen sauka ya yi tuntuɓe ya dafa ƙasa, takardunsa suka zube. Ba wanda ya matsa. Ya tashi da kansa, ya bi layin dogo ƙafa ɗaya da takalmi ƙafa ɗaya babu, har farin ƙyallen ya ƙanƙance a kan gada.

Sannan aka buɗe shinkafa. Mun ci, ni ma na ci, ta kuwa yi daɗi. Mutane suka yi ta shiga da fita ta babbar ƙofar suna shafa furannin, ranar nan kaɗai ba wanda ya zagaya ta gefe. Alahakon ya sa aka tsinto takardun da sanda, aka yayyafa musu kurkum, aka shanya. Ranar biki shi ya karanta su a gaban manyan baƙi, da muryarsa mai kauri, har sunayen goma sha taran, aka yi ta tafi. Wata jarida ma ta ce shugaban tasha ya yi bincike mai zurfi.

Sediris ya koma gida ranar Alhamis ɗin, Emalin ta sa shi wanka sau biyu a waje kafin ta bar shi ya shiga. Ya zauna ya ci abinci kwano biyu. Abin da ya fi ba shi haushin kansa ke nan daga baya, wai ashe yunwa yake ji.

Bayan mako biyar Malkanti ta sauka. Mace, mai ƙiba, mai ihun da ya tashi maƙwabta. Ta kwana, ta yi mako, ta yi wata. Aka sa mata suna. Ba wanda ya ambaci Santiyagu a gidan. Labarinsa dai yana zuwa a bakin masu kifi: yana can ƙetare a wata rumfar ganyen kwakwa kusa da inda ake shanya kifi, mutanen can ma sun ji abin da ya ɗauko, sai su ajiye masa abinci a kan dutse su ja baya. Tarin nan nasa ya ƙaru. Sau biyu Sediris ya ƙulla ganyen shayi da sukari ya nufi gada, sau biyu ya tsaya a bakinta ya tuna numfashin jaririyar, ya juyo.

Da yarinyar ta cika wata uku suka ɗauke ta zuwa babban haikali a cika alkawarin da Emalin ta ɗauka in jaririyar ta rayu. Jirgin safe suka hau. Malkanti ta gaji, ta miƙa wa ubanta 'yar, ya zauna da ita a bakin taga, tana tsotsar hannu tana kallon haske. A kan gada jirgi kan rage gudu, ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

Yana nan zaune a kan akwatinsa, ƙasa da layi kaɗan, bai fi taku goma daga tagar ba. Kwat ɗin ta koɗe, ta yi masa yawa, gemu ya rufe fuskar. Yana bin tagogin jirgin da ido ɗaya bayan ɗaya, da gani kullum haka yake yi. Ya zo kan tasu. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya ga Sediris, ya ga ɗan ƙunshin da ke hannunsa, sai fuskar nan ta washe gaba ɗaya. Ya haɗa hannayensa biyu a ƙirji yana jijjigawa kamar mai rarrashin jariri, ya ɗaga gira yana tambaya. Sannan ya nuna idonsa da yatsa, ya nuna ƙunshin. Ɗago ta kawai, in gani.

"Baba, wane ne?" in ji Malkanti daga ɗaya kujerar, ta fara leƙowa.

"Ba kowa. Zauna."

Sediris ya ja bakin tawul ya rufe fuskar jaririyar. Ya miƙa ɗaya hannun ya fizgo marfin tagar, ya faɗo da ƙara har yarinyar ta firgita ta fashe da kuka. Ya danne marfin da gwiwar hannu, yana jijjiga ta, yana cewa yi shiru, yi shiru, kaka yana nan, har jirgi ya gama gada ya ɗauki gudu.